Sitiyarin Motar Auta da Zaren Baba Nomau

Malama Saratu, don Allah ajiye wankin nan ki zo ki saurare ni yanzu. Yanzu nake nufi, ba bayan la'asar ba. Ɗauko takarda da biro. Abin da duk ya fito bakina ki sa shi yadda ya fito, kar ki gyara mani shi ya koma irin na 'yan boko. Har kin fara? Har da wannan? To bar shi, ya san da gaggawa aka yi ta.

Auta, assalamu alaikum. Ni ce Innarka. Maƙwabciyarmu Malama Saratu ke rubutawa, ni ina faɗa. Za ta sa sunanka na yanka a bayan takarda saboda mutanen tasha, ni dai Auta na sani. Ina gaishe ka, ina gaishe da matarka Rabi. Allah ya tsare ku a tafiyar nan ta gobe, ya sa garin Sabuwa da za ku koma da zama ya karɓe ku, ya tsare gabanka da bayanka a kan hanya, kai da duk wanda zai shiga motarka. Amin.

Na san za ka ce me ya hana ni kiranka a waya. Na san ka a waya. Za ka ce "to Inna, to Inna," kana magana da wani a gefe, ka kashe. Takarda kuwa ba ta kashewa. Ina kallon hannun Malama, maganar da na yi yanzu ta zama ƙananan tururuwa a kan farin abu, wai kuma in ta iske ka a Kankara za ta sake komawa muryata. Ikon Allah. Shi ya sa na zaɓe ta, don akwai abin da ba zan iya faɗa ina kallon idonka ba.

Yau da hantsi ka kawo motar ƙofar gida don in sa albarka. Ka buɗe mani gidan gaba da kanka, ka ce sai na zauna an zaga da ni. Na ji daɗi, Allah ya sani. Muka hau kwaltar nan ta bayan gari wadda ta miƙe sak. Mota tana tafiya sak, hanya tana tafiya sak, sai idona ya faɗa kan hannunka. Sitiyarin bai tsaya sak ba. Tambarin nan na tsakiya, inda kake danna hon, ya kwanta hagu kamar hular da aka karkata.

Na ce, "Auta, me ya sa abin nan ya kwanta gefe?"

Ka yi dariya ka ce, "Hajiya Inna, yaushe kika karɓi lasin?"

Na ce ka ba ni amsa dai. Ka ce jiya ka sa sababbin tayoyin gaba, har awon ƙafa an yi, abin nan da kuke ce wa alaiman, da na'ura mai jar wuta. Ka ce tun da aka sauko da ita haka sitiyarin ya zauna. Sannan ka ce, "Gobe da safe kafin lodi zan sa a zare shi a maida shi daidai. Minti biyar ne."

Daga nan ban sake jin komai ba. Ka tambaye ni ko tsamiyar bakin rafi ce aka sare, na ce i, ban ma duba ba. A haka muka dawo. Ka sauke ni, na sa albarka, ka wuce tasha, ni kuwa na shiga ɗaki na zauna a bakin gado. Kalmomin nan naka na taɓa jin su, Auta, shekara talatin da wani abu, kuma a lokacin murna na yi da su.

Ka taso ka iske babanka da hannun hagu a rataye. Ka san haɗarin mota ne. Ka ji yana cewa taya ce ta fashe, kwananta ya ƙare. Iyakar abin da aka gaya maku ke nan, kai da yayyenka. Ga sauran.

Lokacin ba a haife ka ba, yayarka Hajara na goye. Malam, babanka, yana da a-kori-kura, yana ɗaukar hatsi da mutane tsakanin Kankara da Faskari, wani lokaci har Damari in dawa ta yi. Duk ƙauyen nan shi kaɗai ke da mota. Wata damina ya faɗa wani rami a bakin kwalbati, taya ɗaya ta tsage, ya sake na gaban duka biyu. Da ya dawo sai ya ce mani, "Abin mamaki, na sa sababbin tayoyi amma sitiyari ya karkace."

Kuskurena na farko ke nan. Ban tambaye shi ramin ba, ban tambaye shi komai na ƙarfe ba. Cewa na yi bakin mutane ne. Na lissafo mashi waɗanda ba su yi murna da motar ba, har da waɗanda ba su san hawa ba balle sauka. Na aika aka karɓo laya na cusa ƙarƙashin kujera, na zuba turare a kasko na zagaye motar sau uku. Da safe sitiyari yana nan inda yake. To ka ji, Auta. Ka yi addu'a duk sanda za ka tada mota, kar ka taɓa bari. Amma in ƙarfe ya lanƙwashe, ka nemi inda ya lanƙwashe. Kar ka ɗora wa ɗan'uwanka abin da rami ya yi. Akwai matar da na daina gaisarwa shekara biyu a kan wannan, ta rasu ba ta san dalili ba.

Na biyu ya fi muni. A Kankara akwai wani tsohon makanike, Baba Nomau. Bamaguje ne, daga baya ya shiga coci. Wata ranar kasuwa ina zaune gidan gaba muka tsaya a rumfarsa. Na same shi ya zagaye motar wani da farin zare, ya ɗaure shi tun daga tayar baya har ta gaba, ya tsuguna yana leƙe da ido ɗaya, yana motsa baki. Na ce a raina tsafi ne. Ya zo ya dubi tamu, ya girgiza tayar hagu da hannu biyu, ya ce wa babanka, "Malam, bar mani ita zuwa gobe in ja mata zare."

Muna matsawa na kama rigar babanka. Na ce, "Wallahi ba za a zagaye mana mota da zaren tsafi ba. Ba ka ga yana karanta wani abu ba?" Na faɗi wata kalma a kansa wadda ba zan sa Malama ta rubuta ba. Babanka ya ce, "Ke, awo yake yi." Na ce awo da zare sai ka ce maɗinki. Na yi ta yi har da kuka, na ce ni da ɗiyata ba za mu sake shiga ba. Ka san babanka, ba ya son hayaniya. Ya juya mota.

Auta, a Sabuwa za ka haɗu da mutane iri-iri. In mutum ya iya aikinsa, ka tsaya ka duba aikin, kar ka fara da tambayar inda yake kallo in zai yi ibada. Ni da na fara da wannan, ka ga inda ya kai mu.

Daga can muka je wurin wani mai saurin hannu a bakin tasha. Shi ko ƙarƙashin mota bai leƙa ba. Ya ɓalle murfin hon, ya kwance noti ɗaya babba, ya zare sitiyarin gaba ɗaya kamar ana cire faifai daga kan ƙwarya, ya juya shi kaɗan, ya maida, ya ɗaure. Ko ruwan da na saya ban gama sha ba. Muka hau hanya, sitiyari ya tsaya sak, gwanin kyau. Na dubi babanka na ce, "Ka gani? Ba zare, ba kwana." Ya ci gaba da tuƙinsa. Na lura dai yana riƙe shi da ƙarfi fiye da da, amma na ce a raina za ta saba.

Wannan shi ne na uku, kuma shi ne kake shirin yi gobe da safe. Shi ya sa ban iya jira ba. Na san tayoyinka sababbi ne, ba gobe za su ba ka matsala ba. Amma yau motar tana faɗa maka akwai abin da ba daidai ba a ƙasa, har tsohuwar da ba ta san alif ba ta gani. In aka zare sitiyarin aka miƙe shi, ciwon yana nan, bakin faɗa ne kawai aka rufe. Kai za ka manta, fasinja ba zai gani ba, ni kuma ina nan, kana can.

Malama, tsaya in sha ruwa. A'a, kar ki ajiye biron, in na tsaya da yawa ba zan faɗa ba.

Aka yi kasuwa shida ko bakwai. Ƙanwata ta haihu a Faskari, haihuwar fari, ni ce uwar biki. Na kwana uku ina shiri. Ranar suna da sassafe an gama loda tukwane da buhun shinkafa da mata, sai kazar da zan kai wa mai jego ta kuɓuce ta shige ƙarƙashin motar. Na durƙusa na miƙa hannu in kamo ta, sai hannuna ya shafi tayar gaba ta hagu ta ciki, gefen da ba a gani daga waje. Santsi na ji, kamar tafin hannu. Na sake shafawa, wani abu ya soke ni a yatsa. Na leƙa. Wasu siraran wayoyi ne suka fito suna ƙyalli. Daga waje kuwa tayar tana nan da zanenta kamar jiya aka sa.

Ban san mota ba, amma na san wannan ba lafiya ba ne. Na fito da kaza a hannu, yatsana yana jini. Babanka yana ɗaure igiya a baya ya ce, "Lafiya?" Na dubi matan da suka cika mota da sababbin zannuwa. Na tuna in na faɗa zai ce kowa ya sauka, a raɗa suna ba ni. Na sa yatsan a baki na ce, "Kazar ce ta karce ni."

Ba mu kai Faskari ba. A wata gangara kafin gada na ji ƙara kamar an harba bindiga, motar ta fizge hagu, na ga sama a ƙasa. Allah da ikonsa, ni da Hajara muka fito ko ƙwarzane babu. Matan baya, wata ta karye a ƙafa, sauran raunuka. Tukwane ma biyu ne kawai suka fashe. Hannun babanka da ke kan taga shi motar ta kwanta a kai.

Ban taɓa gaya wa kowa maganar kazar nan ba. Malama ce ta fara ji, ga ta nan ta tsaya da rubutu tana kallona. Rubuta, Malama.

To ga abin da nake so ka ɗauka. In wani a motarka ya ce ya ji ƙara, ko ya ji ƙauri, ko ya ga wani abu, ka tsaya ka duba, ko tsohuwa ce, ko mai tallan gyaɗa. Kar ka tambaye shi lasin. Kuma ka gaya wa Rabi da bakinka cewa in ta ga abu ta faɗa, ko da bikin gidansu za a fasa. Mace tana iya yin shiru don kunya, tana iya yin shiru don son zuwa. Ni na biyun ne ya same ni, kuma ba wanda ya tilasta mani.

Yanzu bari in gaya maka zaren, don shi ne abin da har yau in na tuna tsigar jikina ke tashi.

Bayan wata uku aka jawo motar rumfar Baba Nomau don a gyara a sayar. Babanka yakan je ya zauna a benci da hannu a rataye yana kallo. Wata rana na kai mashi fura. Na so in ajiye in juya, sai tsohon ya ɗago ya ce, "Uwar Hajara, zo ki ga tsafin." Ashe maganata ta koma kunnensa tuntuni. Na so ƙasa ta tsage. Ya ɗaga ƙullin zaren ya ce, "Wurin masu ɗinkin buhu na saye shi. In kina so in kai ki."

Kafin ya taɓa komai a ƙasa, sai da ya miƙe sitiyarin daidai tsakiya, bayan ya maida shi mazauninsa na asali, ya ɗaure shi tam da igiya a jikin kujera. Ya ce, "Wannan ake fara kamawa. In ba a kama shi ba, ko ka daidaita ƙafafun, shi zai zauna a karkace." Sannan ya ja zaren daga tayar baya zuwa ta gaba, gefe da gefe. Ya ce in tsuguna. Na tsuguna. Ya ce in rufe ido ɗaya in bi zaren. Sai ga shi zaren ya taɓa tayar gaba ta baki ɗaya, ta ɗaya bakin kuma akwai 'yar tazara. Ya karyo tsinken tsintsiya biyu ya haɗa ya zura a wurin, suka shiga daidai. Motsa bakin da na ga yana yi, ashe ƙirga yake.

Ya mirgino tsohuwar tayar da ta fashe ya ajiye gabana. Rabi da zane, rabi a suɗe. Ya ce, "Kin san garmar shanu? In sa ɗaya yana kallon gabas sak, ɗayan ya ɗan kalli kudu, za su tafi dai, amma ɗaya jan ɗaya yake, mai riƙe da garma kuma kafaɗarsa ta sani. Haka tayar nan. Tafiya take tana gogar ƙasa da gefe, kowane juyi ana kankare ta kaɗan. Kaurin tsinke biyun nan ya isa."

Auta, na daɗe a tsugune. Mota guda, mai ɗaukar buhu ashirin da mutane a kai, mai ƙarar da ake ji tun daga rafi, a ce kaurin tsinke biyu ya kayar da ita. Kuma a ce Allah ya sa abin da ke ɓoye can ƙarƙashi ya hau ta cikin ƙarfe ya zo har tafin hannun direba ya nuna kansa, don kar a ce ba a faɗa ba. Aka faɗa mana, muka sa aka rufe. Sai tsohon ya shiga ƙasa da sifana, ya kama wani siririn ƙarfe da ke riƙe da taya, babanka yana ce mashi tayarod, ya sassauta na wannan gefe kaɗan, ya ɗaure na wancan kaɗan, ya fito ya leƙa, ya koma. Ya yi haka ya fi sau goma. Ina kallo tazarar nan tana rufewa har zare ya kwanta a jikin taya lif. Ban taɓa ganin aiki mai natsuwa irin wannan ba. Da ya gama ya sha furar babanka, ya ce ta yi tsami. Bai sake tada maganar da na yi a kansa ba har ya bar duniya.

Saboda haka ga roƙona. Gobe kar ka bari kowa ya zare sitiyarin nan. Ka fara sa mai faci ya auna iskar tayoyin duka, Baba Nomau ya ce wani lokaci daga nan ne kawai. In ba nan ba ne, ka koma wurin masu jar wutar. Ban raina na'urarsu ba, abin da ke awo da haske ai ya wuce tunanina. Amma ka tambaye su ko sun kama sitiyarin a tsakiya kafin su fara, don na'ura ba ta da hannun ɗaure igiya, mutum ne zai yi. Su duba ko akwai ƙarfen da ya lanƙwashe ko ya yi lako-lako. Ka tsaya a kansu. In sun gama ka hau miƙaƙƙiyar hanya ka gani da idonka. In lodin gobe zai wuce ka, ya wuce. Rabi ta ƙara kwana ɗaya a nan, ɗakinta bai gudu ba.

Kuma duk ranar Juma'a, kafin ka yi wanka, ka durƙusa ka zura hannu bayan tayoyin gaba ka shafa ta ciki. Hanyoyin da za ka riƙa bi, Sabuwa zuwa Damari, Sabuwa zuwa Faskari, ka fi ni sanin yadda suke a shekarun nan. Akwai wuraren da ba mai son ya tsaya ko da fitsari ya matse shi, balle ya tsaya canza taya da mata da yara a mota.

Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya. Allah ya raba ka da mugun ji da mugun gani, ya raba ka da gaggawa, taka da ta wanda ke zaune kusa da kai. Allah ya sa motar nan ta tsufa a hannunka, kai kuma ka tsufa da hannuwanka biyu. Ka yafe mani. Wassalam, daga Innarka.

Malama, kar ki naɗe tukuna. Mijinki zai kai ta tasha a babur kafin magariba, na gode, amma ba Auta za a fara ba wa ba. Malam za a fara gaya wa. Bai shiga motar yau ba, daga zaure ya yi addu'arsa, bai ga sitiyarin ba. In shi ya ce a ajiye mota, Auta ba zai yi dariya ba. Kuma shekara talatin yana cewa kwanan taya ne ya ƙare, bai kamata ɗansa ya riga shi sani ba. Yana nan zaure yanzu yana gyaran igiya da hannu ɗaya. Ki je ki karanta mashi tun daga farko, har wurin kazar, kar ki tsallake. Ni zan tsaya a bayan zana.